Cin abinci a bakin Jami'ar Bayero: a tambayi awa nawa da sauke tukunya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da ɗalibai da masu sayar musu da abinci a kewayen Jami'ar Bayero, tun daga tsohuwar jami'a ta wajen Kabuga da Janbulo da Ɗorayi har sabuwa ta titin Gwarzo, wajen Rijiyar Zaki da Ɗanbare.

Kano garin abinci ne, ba mai musu. Ɗalibin da ya zo karatu daga wata jiha, kafin zango ɗaya ya ƙare ya san gurasa bandashe da garau-garau da ɗanwake da waina da awara da balangu. Kayan ma a kusa suke: hatsi da wake daga Dawanau, kayan miya daga 'Yankaba, kayan marmari daga 'Yan Lemo. Wanda ke da lacca tun ƙarfe 8 na safe kuwa ba shi da lokacin ɗora tukunya, don haka cin abincin waje a wurinsa larura ce. Abin da nake so a gane shi ne, kyan shago da tayil da fanka ba sa nuna lafiyar abinci. Abu biyu ne suka fi kwantar da ɗalibi: daɗewar abinci bayan an sauke shi, da irin ruwan da ya taɓa shi.

Mu fara da shinkafa, don ita aka fi ci kuma ita aka fi raina haɗarinta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. A tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu, da kan kai digiri 40, shi ne yanayin da suka fi so. Ɗanyar shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta. Da shinkafar ta huce ta koma ɗumi-ɗumi sai ƙwan ya farka ya fara zuba guba a ciki. Wanda ya ci zai fara amai tsakanin rabin awa zuwa awa 6. Abin takaicin, ɗumame ba ya kashe wannan gubar, kuma sau da yawa ba ta da wari balle hanci ya gane ta.

Mutane sun yarda da kular zuba abinci fiye da kima. Kula riƙe zafi take yi, ba ta ƙara shi. Wadda aka cika da ƙarfe 11 na safe tana da zafi sosai a lokacin, amma duk buɗewa zafi na fita, kuma tana yin rabi sai hucewar ta ƙara sauri. Zuwa la'asar abin da ya rage a gindinta shi ne mafi haɗari. Saboda haka ɗalibi ya duba: in an buɗe, tururi yana tashi? In an zuba a faranti, sai ka hura kafin ka kai baki? In shinkafar ta fara danƙo ko ta jiƙe da gumin murfi, a haƙura. Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Hajiya, ta yaushe ce?” Mai sana'ar kirki za ta faɗa maka gaskiya. Garau-garau ma haka, har ya fi, domin wake ya fi shinkafa saurin lalacewa. Lokacinsa daga hantsi ne zuwa azahar, sai fa in an ɗora sabo.

Ga masu sayarwa kuma, maganin a raba girki ne. Mai dafa kwano shida a yini ta dafa uku da safe, uku bayan azahar. Gawayi zai ƙaru kaɗan, amma asarar ragowa za ta ragu. Miya ta zauna a kan garwashi tana ɗan tafasa, kada a juye ta a roba, kuma kada a zuba ta jiya a cikin ta yau don a rufe.

Abincin da aka soya ko aka gasa a gabanka shi ne mafi aminci: ƙosai daga kasko, waina daga tanda, indomi da ƙwai a teburin mai shayi in ƙwan ya soyu har ciki. Sai dai akwai waɗanda suke fitowa daga wuta lafiya, ruwa ya ɓata su a ƙarshe. Ɗanwake misali ne. A tafasasshen ruwa ake dafa shi, amma ana tsamo shi sai a zuba a ruwan sanyi don kada ya manne. In wannan ruwan na rijiyar da ke kusa da masai ne, ko tun safe ba a canza shi ba ana ta tsoma hannu, to dahuwar ta tashi a banza. Taliya ma haka ake ɗauraye ta. Gurasa tana fitowa daga tanderu a bushe, ba abin da zai same ta, amma in za a yi bandashe sai an jiƙa ta, a barbaɗa ƙuli, a yanka ɗanyen kabeji da tumatir da albasa da kokwamba. Daga nan ta zama abin ci yanzu-yanzu. Wanda ya ƙulle ta a leda ya kai ɗaki don ya ci bayan isha'i, shi ya jawo wa kansa.

Yawancin rumfunan nan da ruwan 'yan garuwa suke aiki, jarka mai lita 25, kuma mai saye bai san inda aka ɗebo ba. Ruwan da zai taɓa abin da ba za a sake dafawa ba, wato na ɗauraye ɗanwake da wanke ganye da dama fura, dole a tafasa shi ko a sa masa maganin ruwa na kulorin bisa awon da aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Wanke-wanke roba uku yake so: ta sabulu, ta ɗauraya, da ta ruwan zafi, sannan a kife kwanuka su bushe, ba a goge su da tsumma ɗaya ba. Robar wanke hannu da kowa ke tsomawa a yi watsi da ita, buta da sabulu sun wadatar. Da damina a ƙara kula, don lokacin ne kwalara ke yawo. Taifod kuma takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana, shi ya sa mai ita ba ya tuna inda ya kwaso ta.

Abin sha ya fi ba ni tsoro. Kanawa ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon kwaɓa da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Garin da aka auno a leda ba suna ba lambar NAFDAC, kada ya shiga zoɓo ko lemo. Kunun aya ba ya jure zafi, in ya bar ƙanƙara awoyi kaɗan sai ya juya. Robar da ta kumbura ko ta yi tsit da aka buɗe, a zubar. A shagon fura a tambaya ko an tafasa madarar kafin a yi kindirmon, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. A kuma lura da ƙanƙarar da ake fasawa a jefa cikin bilenda, ita ma ruwa ce, sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta.

Da dare sai tukubar mai tsire. Tsiren da aka jera a gefen wuta tun la'asar yana buƙatar a mayar da shi kan garwashi ya yi zafi har ciki, ba a ɗan nuna masa wuta ba. Duba katako da wuƙa: in da su ake yanka ɗanye da gasasshe, matsa gaba. Ƙulin da aka yi da gyaɗa mai hunhuna yana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta a hankali, kuma ɗaci ko warin ruma na iya zama alamarsa. Naɗe nama a takardar siminti ko jarida shi ma ya kamata a daina. Man suyar awara da dankali in ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun kafin ya yi zafi sosai, ya gama aiki. Awarar da ta fara yauƙi kafin a soya ta, suya ba za ta gyara ta ba.

Ban rubuta wannan don a kori kowa ba. Da yawan masu sana'ar nan mata ne da ke riƙe gidaje da ita, su ne kuma ke ba ɗalibi bashi in kuɗin gida ya makara. Roƙona ga hukumar jami'a da ƙananan hukumomin yankin shi ne a yi musu rajista, ma'aikatan duba-gari su riƙa koyar da su a farkon kowane zango, a gwada lafiyar masu girki, a sa musu famfo da wurin zuba shara kusa da rumfunan. Famfo ɗaya mai ruwa mai kyau zai rage cuta fiye da tara da ƙwace kaya.

In kuma ta faru, gudawa ta kama ɗalibi, kada ya fara da sayen ƙwayoyi a kemis. Ya zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ko ya narka ƙullin ORS, ya riƙa kurɓa. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko fitsari ya ɗauke, abokan ɗakinsa su kai shi asibitin jami'a a take, ko da tsakar dare ne.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka,
Kano.