Amsar tambayarka kan "iodo"

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya fama da karatu bayan tsufa? Naga saƙonka tun shekaranjiya, naso in kira ka amma nasan in na fara bayani sabis zai katse mu a tsakiya, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuto.

Kace malaminku ya cika allo da sunaye masu farawa da iodo ka rasa gane kansu. To wallahi abin bai kai yadda ka ɗauke shi ba. Iodo ɗin nan aidin ne, sinadari mai lamba 53, alamarsa I, shi ne dai a cikin ruwan nan mai launin ƙasa da ake shafa wa rauni. Duk inda ka gan shi a goshin suna, ana gaya maka ne an cire haidurojin daga jikin kabon an dasa aidin a gurbinsa. Ɗauki methane, CH4, ka cire H ɗaya ka sa I, ya zama CH3I, sunansa iodomethane, shikenan. In uku ka sa ya zama CHI3, triiodomethane, wanda aka fi sani da iodoform, wani gari rawaya mai warin asibiti, da can har miki ake yi wa magani da shi. Lambar da ke gaba kuma adireshi ce kawai, propane kabon uku ne a jere, 1-iodopropane aidin na kan kabon na bakin layi, 2-iodopropane yana kan na tsakiya, kuma abubuwa biyu ne daban duk da kayan haɗinsu ɗaya.

Ƴan gidan su aidin ma haka suke, fulorin fluoro, kulorin chloro, buromin bromo. In sun haɗu a suna ɗaya ba a duba wa ya fi nauyi, bin haruffa ake yi, bromo sai chloro sai fluoro sannan iodo a ƙarshe, kuma di da tri, wato biyu da uku, ba a lissafa su wajen jerin. Nan ne nake ganin mutane ke zubar da maki a banza.

Amma inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne bambancin iodo da iodide, don ni kaina na daɗe ina cakuɗa su. Iodo a gaba yake zama, kuma aidin ɗin a ɗaure yake da kabon, iodide kuwa a baya yake zuwa, asalinsa aidin ne da ya karɓi ilektiron ɗaya ya zama mai caji, kamar a potassium iodide, KI, wanda in ka zuba a ruwa kowa ya kama gabansa. Abin da ke rikita mutum shi ne tsohon suna, CH3I ɗin nan wasu littattafan methyl iodide suke ce masa, alhali abu ɗaya ne da iodomethane, ɗayan sunan gargajiya ne ɗayan kuma na tsarin IUPAC, ƙungiyar duniya mai tsara sunayen sinadarai. A jarrabawa ka rubuta na IUPAC ka huta.

Kalmar kanta daga Girkanci take, ma'anarta launin shunayya. Wani Bafaranshe Bernard Courtois ne a 1811 yana aiki da tokar ciyawar teku ya zuba mata asid, sai ga hayaƙi mai launin shunayya ya tashi, daga baya wani masanin sinadarai ɗan ƙasarsu, Gay-Lussac, ya raɗa masa suna saboda launin.

Wani abu da ni ya fi burge ni, in kaga iodo a suna ka riga ka san halin abin tun kafin ka taɓa shi. Aidin ƙato ne, nauyinsa kusan 127, saboda haka iodomethane ya ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu, nutsewa yake yi. Kuma riƙon da kabon ke masa sako-sako ne, ya fi na sauran ƴan gidan rauni, haske ma kaɗai na iya tsinka shi, shi yasa ake ajiye su a kwalba mai duhu, in aka bar su a fili sai kaga sun fara yin ja-ja. Wannan saurin sakin ne yasa masu haɗa sinadarai ke son su.

Har a jikinka yana nan fa. Sinadarin da ƙullin nan na wuya ke fitarwa, T4, cikakken sunansa tetraiodothyronine, tetra huɗu, wato aidin huɗu ne a jikinsa, T3 kuma uku. In aidin yayi ƙaranci sai ƙullin ya kumbura, maƙoƙo kenan.

Ga aikin gida tunda kai ka jawo, rubuto min sunan CH2I2, ka kula da harafin i, guda biyu ne a jere, kar ka haɗiye ɗaya. Ka gaida madam da yara, kace ina nan tafe in Allah ya yarda, duk da nasan ba zata yarda ba don na sha faɗa.

Naka har kullum,
abokinka