Wasiƙa kan garin fure da dangin albasa

Assalamu alaikum, Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni ko garin fure, wato ƙurar nan ta cikin fure da ƙudan zuma ke ɗauka, zai raba maka tsirran nan masu kai irin na albasa, waɗanda ganyensu da furensu ke rikita ido. Zai raba, in ka fara da ƙirga tsaga kafin ka ɗauki awo.

Kowace ƙwayar garin tana da ɓawo mai tauri, a jikinsa akwai tsagar da tsiro ke fitowa. Yawancin dangin nan tsaga ɗaya gare su. Amma albasar kwaɗi ta fadamunmu, wato Crinum, da 'yan'uwanta na kudancin Afirka irin su Amaryllis da Nerine, tsaga biyu gare su, ɓawon kuma da ƙananan ƙayoyi. Hippeastrum ta Kudancin Amurka, wadda masu sayar da furanni ke kira Amaryllis, tsagarta ɗaya ce, ɓawonta saƙar raga. Furen ya yi kama, garin bai yi ba.

Ka tsinki jakar garin daga furen da ke gab da buɗewa, domin wanda ya buɗe ƙudan zuma sun riga sun zuba masa na wasu. Sai ka wanke garin da sinadarai don ɓawon ya fito fili. Hanyar wankewa ita ce wadda masanin garin fure Gunnar Erdtman na Suwidin ya tsara: kashi 9 na asetik anhaidiraid, kashi 1 na salfurik asid mai ƙarfi, ana ɗiga asid ɗin a hankali. Ka fara ɗauraye garin da tsantsar asetik asid don ta janye danshi, saboda haɗin nan da ya taɓa ruwa sai ya tafasa ya fantsama. Sannan ka tsoma kwalbar gwajin cikin ruwan zafi minti 1 zuwa 3, da safar hannu da tabarau, a inda hayaƙin ke fita waje.

A nan aiki ya fi lalacewa. Ɓawon waɗannan tsirrai ba shi da kauri, in ya daɗe a zafi sai ya lotse ya naɗe, naɗin ya yi kama da tsaga ta biyu. Shi ya sa nake so ka ajiye wani kaso ba wanki, ka duba su gefe da gefe a madubin ƙara girma, kana juya ƙwayar ka ga bayanta.

Girma kuwa ban cika yarda da shi ba. Jelin gilisarin da ake sa garin a ciki don dubawa yana kumbura ƙwayoyin in sun jima a ciki, kuma tsiron da kuromosom ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya ninku garinsa ya fi girma ko da jinsi ɗaya ne. In dole sai ka auna, kada su gaza ƙwaya 30, ka tsallake fankon da suka yamutse, waɗanda ke da yawa a tsirran da aka yi wa aure.

Garin zai kai ka ga dangi ko zuriya, da wuya ya raba Crinum biyu. Wannan sai ka haɗa da ganye da iri da gwajin DNA.

Ka turo min hoton ƙwayoyin ta fuska da ta gefe. A gaida mutan gida.

Naka abokinka.