Wai wa ya ce fasa indomi na ƙara wa mota lafiya?

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ɗan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato fasa indomin da ke cikin salansar mota, kuma nasan ba ni kaɗai bane, duk mai mota a ƙasar nan ko an riga an yi masa ko ana shirin yi masa.

Ni dai akori-kura gareni, Toyota Tacoma 'yar Amurka wadda ta shigo ta Kwatano, da ita nake ɗan jigilar kayan gwari ina rufa wa kaina asiri. Kwanakin baya sai motar ta fara nauyi, in na taka totur tayi ta gunji amma ba gudu, balle ace da kaya a hawa. Na kaita gareji, ba zan kama suna ba, bakaniken ko bonet bai gama buɗewa ba yace ai Alhaji indominka ne ya toshe, a fasa a zubar kawai, mota zata saki jiki har mai ma zata rage sha. To kun san tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk wanda yace maka ga dabarar rage shan mai jikinka har rawa yake, nace bismillah. Aka kira mai walda ya farke salansa, aka zazzage abun, aka liƙe. Sai da na koma gida nake tuna cewa garin indomin nan da akace a zubar ba a zubar ba fa, yaron gareji ya bi shi da tsintsiya ya tattare tas a leda. Wato na biya kuɗin aiki, sannan na bada kyautar abinda ya fi kuɗin aikin daraja nesa ba kusa ba.

Ga waɗanda basu sani ba, indomin da ake magana ba na ci bane. Wani abu ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a cikin tukunyar dake jikin salansa, kamar da yayi da taliyar ce ta sa makanikai suka laƙaba masa sunan. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada guda uku, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma a 2021 farashin rodiyam ɗin nan sai da ya haura dala 25,000 duk oza ɗaya, ya ninka zinare sau goma da wani abu. Kaga dalilin tsintsiya kenan. Aikinsa shi ne in hayaƙi ya biyo ta ciki da zafinsa ya rage masa dafi kafin ya fito, har da irin gubar nan ta hayaƙin janareto da muke jin ta kashe mutanen gida guda a cikin dare.

Gaskiya ɗaya ce, motar ta ɗan saki, don da alama ya toshe ɗin. Amma mai bai ragu ba ko kaɗan, fitilar injin ta kama a dashbod har yau taƙi mutuwa, ga wani wari da in na tsaya a gosulo da gilas a buɗe sai kaina ya sara. Sai da na je wajen wani dattijon bakanike yake ce min ai injin ne ke shan baƙin mai, shi ya toshe indomin tun farko, an bar jaki ana dukan taiki.

Abinda ya ƙara tunzura ni na ɗauki alƙalami, yaranmu na yanzu da ke kallon bidiyon Amurkawa a TikTok, waɗannan manyan akori-kura masu dizal irin su Ram da Ford da ake cire musu matatar hayaƙi a sake saita kwamfutar mota, mutum ya taka ya turnuƙe titi da baƙin hayaƙi wai shi burgewa. Na ga yara a nan sun fara yanke salansa don ƙara da hayaƙi, wai ai a Amurka ma haka ake yi. To eh ana yi, amma a can karya doka ne. Tun 1970 suke da dokar tsaftar iska ta ƙasa, kuma tun motocin 1975 aka fara saka indomin nan, dokar ta hana cirewa ta kuma hana sayar da kayan da ake cirewar da su. A 2020 hukumar muhallinsu EPA ta fitar da rahoto cewa akori-kurar dizal fiye da 550,000 aka yi wa irin wannan aika-aika cikin kusan shekara goma. Su ma fa ba waliyyai bane.

A jiha irin Kalifoniya, da ta fara gwajin hayaƙi tun 1984, in motarka ta kai lokacin gwaji ba zaka sabunta takardu ba sai ta ci jarabawa. Kuma ba wai a leƙa ta taga ace Oga yaya hanya bane, ana jona na'ura a jikin kwamfutar motar (duk ƙananan motocin fetur na Amurka daga 1996 suna da wannan soket ɗin a ƙasan sitiyari, tawa ma akwai), a duba ƙarƙashi a tabbatar kayan suna nan. In ka cire batir don ka kashe fitilar da safe na'urar zata nuna an goge, su ce je ka ka dawo. Masu wayo kan maida kayan asali ana gobe gwaji su sake kwancewa jibi, wasu su yi rajista a yankin da ba a gwajin, don ba kowace jiha ke yi ba. Har manyan kamfanoni an kama, Volkswagen a 2015 da motoci wajen miliyan 11 masu manhajar da ke gane ana gwaji ta natsu, sai Cummins mai yi wa Ram injin da ya amince a ƙarshen 2023 zai biya tarar dala biliyan 1.675. Ka ji fa, tara ce ba jari ba.

Mu kuwa a nan takardar ingancin mota da yawanmu a waya muke sabuntawa, ka tura kuɗi a kawo maka har gida, motar ko ganinta ba a yi ba. Ni ma haka nake yi, ba zan wanke kaina ba. Legas dai sun kafa cibiyoyin gwajin mota na kwamfuta, kuma muna da hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007 da aikinta ya shafi irin wannan. Tsorona shi ne ranar da za a ce an kawo gwajin hayaƙi ko'ina ya koma wani sabon rasit da sitika a gilas, talaka ya biya, hayaƙi na nan yadda yake.

Kuma a yi wa makanikai adalci ta wani ɓangaren. Motar dizal ta Turai an ƙera matatarta ne don mai mai tsafta wanda farar wutar cikinsa bata wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa mun shafe shekaru ana shigo mana da wanda ya kai dubbai, sai a 2020 ECOWAS ta amince da iyakar 50. In man bai da kyau matata zata toshe ko ka ƙi ko ka so, sabuwa kuma kuɗinta ya isa ya sa ka ajiye motar. Don haka wanda zai zo gwada salansata ya fara zuwa ya gwada abinda ake zuba min a gidan mai, in ba haka ba zalunci ne.

Abinda ke hana ni sukuni su ne yaran nan masu talla da almajirai a danja, tsayinsu daidai bakin salansa, tun safe har magariba, ga hazon hunturu ya danne hayaƙin ya hana shi tashi. Duk sanda na tsaya yaro ya zagayo bayan motata da farantin gyaɗa sai in ji kunya ta kama ni.

Roƙona Edita ku tura wakilinku ya bi sawun garin indomin nan, daga gareji zuwa hannun 'yan gwangwan, nawa ake sayen kilo kuma wace ƙasa yake ƙarewa. Ni dai yanzu ina tara kuɗin gyaran injin, daga nan in nemi wani indomin na Beljiyam, kuma wanda zan saya sai na haska tocila na leƙa cikinsa da idona, don an ce min akwai masu sayar da tukunyar wayam an cusa mata soson ƙarfe.

Naku mai karatu a kullum,
wani mai akori-kura daga Kano.