Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Game Da Sauya Sabar Ofis

Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Saƙonka ya iso ni, kuma na ga damuwarka game da tsohuwar sabar ofishinku wadda har yanzu take kan manhajar Small Business Server 2011. Na zaɓi in amsa maka a rubuce domin maganar ta fi ƙarfin waya, kuma mun riga ku yin irin wannan ƙaura a nan wurin aikinmu.

Ina roƙonka kada ku ƙara jinkiri. Kamfanin Microsoft ya daina fitar wa wannan manhaja gyaran tsaro tun watan Janairun 2020, kuma Exchange 2010 da ke riƙe da imel ɗinku ta bi bayanta a watan Oktoban 2020. Ko Windows Server 2012 R2 da wani ya ba ka shawarar ɗauka saboda arha, ita ma wa'adinta ya ƙare ranar 10 ga Oktoba, 2023. Duk wata kafa da aka gano bayan haka a buɗe take, alhali lissafin kuɗinku da bayanan abokan cinikinku suna ciki.

Game da zaɓi kuwa, na san zuciyarka ta karkata ga nau'in Windows Server na ƙananan ofisoshi da ake kira Essentials, kuma ba zan ce ba ka da hujja ba, tunda ba ya buƙatar ka saya wa kowane ma'aikaci lasisin shiga. Amma iyakarsa mutum 25 ne da na'urori 50, kuma ka faɗa mini cewa kun kai ashirin, ga maigidanku yana shirin buɗe reshe. Idan aka haɗa da masu zuwa horon aiki, da wuya shekara biyu ta cika ba ku tsallake iyakar ba, sai ka sake wata ƙaurar. Ƙari a kan haka, tun daga fitowar 2019 aka cire masa allon gudanarwa mai sauƙi da ajiyar kwafin kwamfutocin ma'aikata, waɗanda su ne dalilin da ya sa mutane ke son sa, kuma na 2022 sai tare da sabon inji ake sayar da shi. Mu mun ɗauki Windows Server 2022 Standard, wanda za a ci gaba da tallafa masa har Oktoban 2031. Ya fi tsada, musamman da yake farashinsa yana bin dala, domin lasisinsa yana farawa ne daga ƙwayoyin sarrafawa (cores) 16 na injin, sannan ga lasisin kowane mutum. Sai dai yana ba ka damar kafa sabar biyu a cikin inji ɗaya ta hanyar manhajar Hyper-V, ɗaya ta riƙe Active Directory, wato rajistar ma'aikata da izinin shigarsu, ɗayar kuma ta riƙe fayiloli da manhajar lissafi. Nau'in Datacenter kuwa, na manyan cibiyoyi, ba na irinmu ba ne.

Wurin ƙaurar ne nake so ka fi natsuwa. Ka kafa sabuwar a gefen tsohuwar, su yi aiki tare kafin ka kashe ɗaya. Ka fara kwashe imel zuwa Microsoft 365 ko wani mai ba da irin wannan hidima, domin sabuwar ba ta zuwa da Exchange. Daga nan ka duba matakin aikin yankinku (domain, wato rukunin kwamfutocin da sabar ke kula da su) ya kai na Windows Server 2008, kuma ka mayar da tsarin kwafin SYSVOL, jakar da ke riƙe da dokokin yankin, daga tsohuwar hanyar FRS zuwa sabuwar DFSR, don in ba haka ba sabuwar sabar za ta ƙi zama mai kula da yankin. Abin da ya fi kama mutane shi ne, da zarar ka ɗauke manyan ayyuka biyar na shugabancin yankin, da ake kira FSMO, daga tsohuwar, kwana 21 kawai take ba ka kafin ta fara kashe kanta. Saboda haka kada ka taɓa su sai fayiloli da izinin shigarsu da na'urorin buga takarda da rabon adireshin na'urori duk sun koma sabuwar. Kafin komai, ka ɗauki cikakken kwafi a faifai na waje, ka kuma gwada dawo da shi ka gani da idonka.

Kada kuma kasafinka ya tsaya kan lasisi. Ka san halin wutar lantarki a ƙasar nan. Mu sai da muka haɗa wa sabar inbata da batura masu riƙe ta har janareta ya tashi, muka kuma toshe tagogin ɗakin saboda ƙurar hunturu. Ka sa aikin a yammacin Juma'a, domin ka sami Asabar da Lahadi na gwaji.

Ka aiko mini da adadin ma'aikatanku da sunan manhajar lissafin da kuke amfani da ita, in duba ko za ta zauna a kan 2022. Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka abokinka.