Kanada da Amurka Ba Ɗanjuma da Ɗanjummai Ba Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan yadda mutanenmu ke ɗaukar Kanada da Amurka abu ɗaya. Iyakarsu ta kusan kilomita 8,900 ce, amma zaman rayuwa ya sha bamban. A Kanada mara lafiya kan ga likita ba a tambaye shi ko sisi ba, haraji ke biya, sai dai jiran layi kan gundure shi. A Amurka kuwa, wanda ba shi da inshora, kwanciyar asibiti kaɗai na iya jefa shi cikin bashi. Ga bindigogi a hannun jama'a kamar jamfa a Jos.

A siyasar duniya ma haka ne. A 2003 Firayim Ministan Kanada Jean Chrétien ya ƙi shiga yaƙin Iraƙi, alhali Kanada ta bi Amurka Afganistan, inda ta rasa sojoji 158. A 2025 kuma Trump ya lafta wa kayayyakin Kanada haraji, har yana cewa ta zama jihar Amurka ta 51. Duk da wannan tsamin dangantaka, rundunar tsaro ta haɗin gwiwa, NORAD, da ƙasashen biyu suka kafa a 1958 tana nan tana gadin sararin samaniyarsu, idonta a kan jiragen Rasha ta arewa.

Mai karatunku,
daga Zariya