Zuwa ga masu hulɗa da mu, kan maganar AnyDesk ɗin da muka saka muku

Assalamu alaikum alhazai da malamai, masu POS, masu kemis, hedimastocin makarantu da duk wanda muke duba masa kwamfuta. Dan Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Kun san yadda muke yi, in kwamfuta ta ƙi aiki a Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, maimakon yaro ya hau mashin ya ƙona mai ya sha rana sai mu ce a buɗe AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, a karanto mana lambar da take nunawa, mu shiga daga shago nan Gumel kuna zaune kuna kallon kibiya tana yawo a sikirin da kanta. To wasunku saboda yawan kira sai muka saita ta yadda za mu shiga ko ba kowa a wurin, kuma gaskiyar magana fasuwod ɗaya muka saka wa kwamfutoci da yawa. Wannan kuskurenmu ne, ba na kowa ba, ku yafe mana. Duk wanda ya samu wannan fasuwod ɗin zai iya shiga cikin dare ya ga lissafin shagonku, sakamakon ɗalibai, har asusun banki in an bar shi a buɗe.

Kada wani ya ce ai manyan kamfani ne suka yi manhajar. A watan Fabrairu 2024 kamfanin AnyDesk da ke Jamus da bakinsa ya ce an kutsa cikin na'urorinsa, sai da ya soke fasuwod ɗin mutane na shafinsa ya ce kowa ya sauke sabuwa. A Yuni na shekarar kuma TeamViewer, masu irin wannan manhajar, su ma suka ce an shigar musu kwamfutocin ofis. Kafin nan a 2019 an gano wata ɓaraka da ake ce wa BlueKeep a Remote Desktop, wato hanyar shiga daga nesa ta Windows, wadda ɓarawo ke shiga ba ma sai da fasuwod ba, abin ya kai Microsoft ta fitar da gyara har wa tsohuwar Windows XP. Ni abin da ke hana ni barci shi ne Windows 7, tun Janairu 2020 aka daina yi mata gyara, amma wallahi har yau muna ganinta a shaguna da yawa a nan, ga kuma AnyDesk tsohuwa a kai.

Amma wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya mai kiran waya ne. Kwanaki wani ƙaninmu mai POS aka kira shi, mutum da Hausa tas da ladabi, wai daga banki yake za a gyara masa matsalar tiransifa, ya sa shi ya sauke manhajar a waya ya karanto lamba ya danna amincewa, shi kenan mutumin yana ganin duk abin da yake dannawa har da PIN, kafin ya farga an kwashe cinikin ranar. Ba wauta ba ce, yaro ne mai hankali, abin da ya saba yi da mu ne ya yi, shi ya sa abin ya dame mu ƙwarai.

Daga yau mun daina shiga kwamfutar kowa sai yana zaune a gabanta ya danna da hannunsa, in mun gama a rufe manhajar gaba ɗaya. Mu ba za mu fara kiranku mu nemi lamba ba, ku za ku kira layin shago da kuka sani. Banki kuwa ba ya cewa a saka AnyDesk, duk wanda ya faɗi haka a kashe wayar kawai.

Cikin makon nan za mu zagaya mu cire tsohon fasuwod mu sabunta manhajar, ba ko sisi. Masu Windows 7 za mu zauna mu duba ko injin zai ɗauki sabuwa. Ranar Alhamis muna kasuwar Maigatari tun safe, mai laftof ya taho da ita da cajarta. Kafin mu iso, wanda ya tashi daga shago ya kashe kwamfutar ko ya cire mata data.

Mun gode, Allah Ya tsare mana dukiyarmu.

Naku, masu gyaran kwamfuta, Gumel