Faransa ba Paris kaɗai ba ce: abin da mai babur ke gani a hanyoyin ƙauye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu zuwa wani sashe na ƙasar Faransa da ba kasafai ake ambatonsa ba, domin duk lokacin da aka yi zancen ƙasar a kafafen labaranmu, ko dai a nuna hasumiyar Eiffel ko a kawo rikicin siyasa. Ni mazaunin kudu maso gabashin ƙasar ne, kuma mai sha'awar hawa babur, kuma ra'ayina shi ne wanda bai bi ƙananan hanyoyin karkara ba bai san yadda Faransawa ke riƙon ƙasarsu ba.

Mai sauri yakan bi babbar hanyar da ake biyan kuɗi a shingayenta, ya isa inda za shi ba tare da ya ga kowa ba. Ƙananan hanyoyi kuwa, waɗanda lambarsu ke farawa da harafin D, suna hannun gundumomi, wato hukumomin yanki da suka fi gwamnatin tsakiya kusa da jama'a, kuma su ke zuba musu kwalta, su yanke ciyawar gefensu, su kwashe dusar ƙanƙara idan sanyi ya shigo. Wannan nauyi tsoho ne, domin tun a shekarar 1836 doka ta tilasta wa garuruwa da ƙauyuka kula da hanyoyin da ke haɗa su da juna. Shi ya sa za ka shiga ƙauyen da mazaunansa ba su kai cikar kasuwar mako ba, amma ka tarar da hanya mai kyau har ƙofar gidan burodi.

Hanyar da na fi ƙauna tana farawa daga gaɓar tekun Bahar Rum. A ranar 1 ga Maris, 1815, Napoleon, tsohon mai mulkin Faransa da aka tumɓuke, ya sauka a Golfe-Juan bayan ya tsero daga tsibirin Elba, ya ratsa tsaunuka domin kauce wa masu goyon bayan sarkin da ya maye gurbinsa, ya isa Grenoble ranar 7 ga watan. A shekarar 1932 aka buɗe hanyar da ke bin sawunsa, mai tsawon sama da kilomita 300, ta Grasse da Castellane da Digne da Sisteron da Gap, kuma har yau ana ganin alamar gaggafa a gefenta. Kafin mutum ya fara hawan tsaunukan, ya dace ɗan Afirka ta Yamma ya ɗan ratse zuwa Fréjus, inda akwai wani jan gini da ake kira Missiri, wanda aka gina wajen 1930 a siffar masallacin Djenne na ƙasar Mali saboda sojojin yankinmu da Faransa ta jibge a can. A wannan gaɓar ce kuma aka sauke dakarun da suka haɗa da 'yan Afirka da yawa a watan Agusta na 1944 domin kwato ƙasar daga hannun Jamus.

A Castellane ne nake ba kowa shawarar ya bar hanyar Napoleon ya juya yamma, ya bi D952 wadda ke raka kogin Verdon. Kogin ya haƙa kwazazzabo mai zurfin da a wasu wurare ya kai mita 700, ruwansa kore ne shar, hanyar kuma tana manne da jikin dutse tana lanƙwasa ba hutawa. Nan ne ake gane fifikon babur a kan mota, domin mai babur yana jin sanyin inuwar dutse a jikinsa idan ya shige ta, yana shaƙar ƙamshin itatuwa, kuma yana iya tsayawa a ɗan wurin da mota ba za ta samu masauki ba. Daga ƙauyen La Palud akwai wata hanya, D23, da ke zagaya saman tsaunin ta dawo, wani sashenta hannu ɗaya ake bi saboda ƙunci, kuma an gina wuraren tsayawa a bakin ramin inda mutum zai ga manyan ungulaye suna shawagi a ƙasa da shi. Waɗannan tsuntsaye sun ɓace daga yankin, sai a 1999 aka sake sako su a kusa da Rougon, suka hayayyafa.

Bayan kwazazzabon sai tafkin Sainte-Croix, wanda madatsar ruwa ta haifar a farkon shekarun 1970. Kyansa yana da farashi, domin an rushe tsohon ƙauyen Les Salles ruwa ya rufe wurin, aka sake gina wa mutanensa wani a kan tudu. Gaba kaɗan akwai Moustiers, garin masu tangaran, sannan tudun Valensole, inda daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli gonakin furen labanda, wanda ake tatsar mansa a yi turare da sabulu, ke mayar da ƙasa shuɗiya iyakar ganin ido.

Jin daɗin wannan tafiya ya dogara da doka da ladabi. Hular kwano wajibi ce, safar hannu mai inganci ta zama dole tun 2016, kuma daga Yulin 2018 aka rage gudu a irin waɗannan hanyoyi zuwa kilomita 80 a awa, ko da yake gundumomi da dama sun mayar da wasu sassa 90 daga baya. Haɗari bai ƙare ba duk da haka: akwai tsakuwar da ake zubawa bayan gyaran kwalta, wadda ke zamar da taya a kan kwana, akwai motocin noma, akwai garken tumakin da makiyaya ke haurawa da su tsauni a farkon bazara, wanda sai dai ka kashe inji ka jira su wuce. Masu babur suna gaisawa da yatsu biyu na hannun hagu idan sun haɗu, kuma idan direba ya matsa musu gefe sukan miƙa ƙafar dama alamar godiya.

Ina roƙon jaridarka, idan za ta aika wakili Faransa ko ta nemi rubutu daga 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a nan, ta sa su fita daga manyan birane su zanta da magadan ƙananan garuruwa kan yadda ake samo kuɗin gyaran hanya da wanda ake tuhuma idan ta lalace. Ga mai son gwada tafiyar kuma, watan Yuni da Satumba sun fi dacewa, kuma ya cika tankinsa ya sayi abincinsa kafin tsakar rana, domin shagunan ƙauye sukan rufe har wajen ƙarfe biyu ko uku.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga birnin Grenoble, Faransa